Ƙwan Zabi a Akwatin Wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙin Alhaji suka zo ganin injinmu ba. Har yau in na tuna, sai in ji gumi yana bin bayana.

Ni ba mai surutu ba ne, kuma ban yi boko ba. Ɗan rubutun nan ma da girmana na koya, a ajin yaƙi da jahilci. Amma na ga duniya. Na yi saran rake. Na yi aikin mazarƙwaila a Makarfi har injin matsar rake ya ci mini yatsa ɗaya na hannun dama (ban yi kuka ba, sai da na je gida). Na taɓa faɗowa daga saman motar tumatir a hanyar Ikara, na tashi na kaɗe rigata na sake hawa. Duk wannan bai sa na sunkuyar da kai ba. Abin da ya sunkuyar da ni a gaban jama'a ƙwai ne. Ƙwan zabi.

Bari in fara da aikin. Akwai wani kamfanin casar shinkafa tsakanin Makarfi da Ikara, ba sai na faɗi sunansa ba. A nan na yi shekaru ina dako. Buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a ka, daga mota zuwa sito, daga sito zuwa bakin inji. Da mai kula da injin na rana ya bar aiki, Alhaji mai kamfanin ya kira ni ya ce, "Kai ba ka wasa, ba ka surutu. Je ka zauna a fanel."

Fanel shi ne teburin ƙarfen da ake sarrafa injin daga kansa. Maɓallai ne a jere, kore na tashi, ja na tsayawa, da ƙananan fitilu, da wani babban ja mai faɗin tafin hannu wanda ake dokawa in abu ya ɓaci. Kuma akwai kujera. Kujera fa! Ranar farko da na zauna, na rasa yadda zan yi da kaina. Ina ta shafa wuya, ina jin babu komai a bisa. Matata Hajara ta soya waina ta rarraba wa maƙwabta, ta ce mijinta ya sauke kaya. Wanda bai taɓa ɗaukar buhu ba, ba zai san daɗin kujerar nan ba.

Ƙarƙashin teburin, daidai gwiwar mai zama, akwai ƙofar ƙarfe. A ciki wayoyi suke, da fis, da wasu ƙarafa na tagulla da wuta ke bi. Shi muke kira akwatin wuta. Aikina a sama yake. Na ƙasa aikin Injiniya Bala ne, mai gyaran wutar kamfanin, mutumin Kudan, dogo siriri, ba ya dariya sai da dalili mai ƙarfi. A lokacin ƙofar ba ta da kwaɗo. Tana da kunnuwan sa kwaɗo tun daga inda aka ƙera ta, amma ba wanda ya taɓa sayowa. Da gindin cokali ake murɗa ta, ta buɗe.

Kuma kowa ya san cikin akwatunan nan da ɗumi. Shi ya sa wannan ya cusa kwanon tuwonsa, wancan ya maƙala cajar waya, wani ma safa yake shanyawa da damina. Injiniya ya hana, ya sake hanawa, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ni ban taɓa sa komai ba. Kallon marasa hankali nake yi musu. Ku riƙe wannan.

Da damina ta faɗi, Hajara ta je gidansu a Kurmin Kogi, tsohuwarta ta ba ta ƙwan zabi. Wanda ya san zabuwa ya san ba uwa ba ce. Ta zuba ƙwai a ciyawa, ta kama gabanta. Sai a kwaso a sa wa kaza ta yi kwanci. Muna da wata baƙar kaza, ta kwanta a kansu kamar nata. Hajara ta ƙwallafa rai a kan ƙwan nan. Safe da yamma tana bakin akurki. Ni kaina ban samu irin wannan kulawar ba ranar da na faɗo daga mota.

Saura kwanaki kaɗan su ƙyanƙyashe, har in ka kara ɗaya a kunne kana jin motsi, muka wayi gari muzuru ya shiga akurkin. Gashi kawai ya bar mana. Ƙwan kuwa suna nan, da sauran ɗuminsu.

Hajara ta zauna a kan turmi ta yi tagumi.

"Malam, shi ke nan. Me zan gaya wa Inna?"

"Kawo su."

"Ka kai su ina?"

"Kawo dai."

Ina da wata jar hular sanyi, saƙar hannunta, wadda duk kamfanin an san ni da ita. Na zuba ƙaiƙayi a ciki, na jera ƙwan, na tura cikin riga a jikin cikina, na hau keke. Ni kaɗai nake murmushi a hanya. Na ce yau na yi dabarar da ko masu digiri ba su taɓa yi ba. Injin ga shi nan dare da rana yana aiki, don shansherar noman rani ta cika sito, in wuta ta ɗauke janareto ya karɓa. Wace kaza ce za ta kai shi haƙuri? Ba ya tashi neman tsaba, muzuru kuma ba ya cin ƙarfe.

Mai kula da fanel na dare sunansa Iro, sa'ana ne, kuma bakinsa ya fi almakashi. Na karɓe shi, ya tafi wanke fuska. Na waiga, babu kowa. Na zaro cokali. Na buɗe ƙofar, ɗumi ya bugi fuskata. Can ƙasa a kusurwa akwai wani ƙarfe mai kamar bulo, yana ɗan gunji, na kai bayan hannu kusa da shi, na ji ɗuminsa kamar cikin kaza sak. Na zura hannu na ajiye hular a gefensa. Na rufe. Wunin ranar nan da gwiwoyina a jikin ƙofar na yi shi, ina jin kaina kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Washegari Juma'a ce, ranar hutuna. Asabar da safe na shigo ina fito. Na ja kujera. Gwiwata ta bugi wani abu mai sanyi.

Kwaɗo ne. Sabo fil, ƙato, mai ruwan zinariya. A samansa an manna hoton tsawa da ƙoƙon kan mutum.

Ashe ranar Juma'ar, cajar wayar wani ta yi tartsatsi a akwatin da ke ɓangaren ɗinkin buhu, ta ƙone wayoyi, aikin ɗinkin ya tsaya rabin wuni. Alhaji ya fusata. Injiniya ya samu abin da ya daɗe yana roƙo. Ya hau babur ya je kasuwa ya sayo kwaɗuna, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana datsewa. Nawa bai ma buɗe ba, don injin yana aiki, kuma (wannan ne ya fi ciwo) ya ce ya san ni.

Ban gama kallonsa ba aka ce kowa ya fito tsakar fili.

Injiniya ya ɗaga makullan sama, a zare, ya rataya a wuyansa.

"Daga yau, maɓallan sama naku ne, akwatin ƙasa nawa ne. Ba mai buɗewa sai ni. Ni ɗin ma ba na buɗewa sai na kashe babban makunni, wutar injin ta mutu gaba ɗaya. In fis ya ƙone, ku kira ni. In kun ji ƙauri, ku doki jan nan, ku kira ni. Ko ina masallaci, ku jira in sallame."

Alhaji ya karɓa. "Duk wanda aka ƙara samun kayansa a cikin akwatin wuta, ya bar wurin inji. Ko ɗan cikina ne."

A nan ya kamata in ɗaga hannu. Na ma fara ɗagawa, wallahi. Sai Injiniya ya hango ni.

"Yawwa! Fito nan, Baba. Ku dube shi. Tun da ya zauna a fanel ban taɓa samun ko tsinke a akwatinsa ba. Me ya sa? Don ya san inji. Nuna musu hannunka."

Na fito. Na ɗaga hannuna mai giɓi.

"Gaya musu wani abu," in ji Alhaji.

Na ce, "Inji ba shi da ɗan'uwa."

Suka tafa. Wani ma kabbara ya yi. Alhaji ya dafa kafaɗata. Ni kuwa ina tsaye da hannu a sama kamar liman mai wa'azi, ƙwan matata suna can suna shan ɗumi a bayan kwaɗo. To, bayan wannan tafin, da wane baki zan ce a buɗe mini in ɗauki hulata?

Sai na koma neman dabara. Da azahar na sami Injiniya yana alwala.

"Injiniya, ara mini makullin in share ƙura."

"Ƙurar ma tawa ce."

"Na ɗan lokaci ne."

"Baba, ko Alhaji ya tambaya ba ni ba shi. Kai da ka yi wa mutane wa'azi da safe?"

Makullin yana lilo a wuyansa yana ɗigar ruwa. Da shi yake alwala, da shi yake cin abinci, kuma na tabbata da shi yake kwana.

Ƙofar tana da 'yan tsagogi na shan iska. Na durƙusa na leƙa, duhu kawai. Na samo kara zan zura, sai hoton ƙoƙon kan nan ya kalle ni, na kalle shi, na yar da karan. Ina nan durƙushe da kunne a jikin ƙarfe Iro ya shigo karɓar aiki.

"A'a, Baba! Salla kake yi? Ai alƙibla ba nan take ba."

"Goro na yar."

"Goron ne yake magana, kake saurare?"

"Karɓi aikinka."

A gida kuma ga Hajara.

"Malam, ina ƙwaina?"

"Suna ɗumi."

"Kazar wa ka sa wa?"

"Ta kamfani."

"Kamfani yana kiwon kaji?"

"Ci abincinki."

Ta dube ni, ta dubi kaina. "Hular fa?"

"Tana aiki."

Haka aka yi 'yan kwanaki. Na rame. Mutumin da ya yi barci a asibiti da yatsa a naɗe, ga shi ƙwai ya hana shi sukuni. In na faɗa, kujera ta tafi. In na yi shiru, Injiniya ya riga ya ce da zarar baƙi sun zo sun tafi zai kashe injin ya bi akwatunan da burushi. Gaba siyaki, baya damisa.

Baƙin kuwa manya ne. Dillalan shinkafa ne daga Kano, Alhaji yana son su riƙa kawo masa aiki, tare da shugabannin manoma na Taba da Kurmin Kogi. An share fili, an wanke injin, an ba mu sababbin riguna masu ɗaukar ido. Ni aka ce zan nuna musu yadda ake sarrafawa.

Da safiyar ranar na zauna, na kara kunne a tsagar ƙofar kamar yadda na saba. Ƙarƙashin rugugin injin na ji wani abu siriri.

Tsiyo. Tsiyo-tsiyo.

Jama'a, sun fito! Na miƙe tsaye ban sani ba. Saura kaɗan in yi guɗa, ni da gemuna. Dabarata ta ci! Inji ya yi kwanci! Na so a ce akwai wanda zan runguma. Sai kuma na tuna inda suke, da wanda ke da makulli, da waɗanda ke kan hanya. Murnar ta koma ciki ta zauna kamar dutse.

Na yanke shawara. Ƙarar injin ta rufe kukansu, ni kaɗai nake ji, don na san abin da nake saurare. In baƙi suka tafi, zan ja Injiniya gefe in gaya masa, mu biyu, ya zage ni yadda ya ga dama. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a tsayar da injin nan kafin yamma.

Da hantsi suka shigo, manyan riguna da ƙamshin turare. Alhaji a gaba yana nuni da hannu. Na ɗaga kai, sai na ga wanda ban zata ba a cikin manoman Kurmin Kogi. Kawu Sale ne, ƙanin tsohuwar Hajara, wanda ya ba ni aurenta. Surukina. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Na sauko daga kujera na durƙusa.

"Barka da zuwa, Kawu. An zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya Inna?"

"Lafiya lau. Tashi, tashi, kana kan aiki." Ya juya ga na kusa da shi, da ƙarfi don a ji. "Mijin 'yata ne. Duk injin nan a hannunsa yake."

Suka kewaye fanel. Na nuna musu kore, na nuna musu fitilu. Alhaji ya yi ta bayani yana ɗaga murya. Komai yana tafiya daidai. Har na fara cewa Allah ya rufa asiri. Sai wani ƙaton dillali mai farar babbar riga ya nuna babban jan nan da sandarsa.

"Wannan fa, na mene ne?"

"Na tsayar da komai nan take," in ji Alhaji. "Ko mutum ya faɗa inji, in an doke shi, shi ke nan. Baba, doka su gani."

Na ce, "Alhaji, shinkafa na ciki."

"Ba komai. Doka."

"Za ta karye."

"Shinkafarka ce? Doka mana!"

Na dubi Injiniya. Ya gyaɗa kai. Na dubi Kawu. Yana murmushi. Na yi bisimilla na doka.

Ku da ba ku taɓa aiki a kamfani ba, ba ku san shiru ba. Injin da ya yi kwanaki yana ruri ya yi ajiyar zuciya ya mutu. Bel ya tsaya. Har ɗigar ruwa daga kwano ana ji.

Na fara tari. Na yi tari kamar mai tarin fuka. Na ja kujera a kan siminti, ƙiii. Na gyara murya. Amma mutum ba ya tari har abada. Na tsaya in ja numfashi.

Tsiyo-tsiyo-tsiyo-tsiyo!

Kamar sun san an yi musu shiru ne don a saurare su.

"Mene ne wannan?" in ji dillalin.

Alhaji ya dubi Injiniya. Injiniya ya tsuke fuska, ya matso, ya sunkuya.

"Daga akwatin nan ne. Ko fankar ciki ce ta fara cin ƙarfe."

"Fanka ce," na ce da sauri. "Ta saba. In an tashi injin tana dainawa."

"Ta saba, ba ka gaya mini ba?"

Kawu Sale ya karkata kai, ya sa hannu a bayan kunne. Manomi ne, ya shekara sittin da wani abu yana jin wannan kukan. Ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe.

Alhaji kuwa sai ya ga dama ta samu. "Madalla! Ku tsaya ku ga yadda muke aiki a nan. Injiniya, nuna musu tsarinmu."

Injiniya ya tafi ya kashe babban makunni, fitilun fanel suka mutu. Ya dawo ya sa safar roba har gwiwar hannu. Ya ce kowa ya ja da baya. Ya ciro zaren daga wuyansa a hankali kamar mai fito da laya.

"Wannan akwatin," in ji shi, "ba wanda ya isa ya taɓa sai ni. Ko kafin kwaɗo ma, na nan ne ya fi kowanne tsabta, don mai zama a nan mutum ne mai hankali."

Ƙas! Kwaɗo ya buɗe. Ya murɗa ƙofar. Ya haska tocila.

Ga jar hulata. Ga ɓawon ƙwai. Ga ƙananan kawuna masu zane-zane, da jajayen ƙafafu, suna ƙifta ido.

Ɗan tsakon kaza in ya ga haske tsayawa yake yi. Ɗan zabo ba haka yake ba, jinin daji ne. Kafin Injiniya ya ce uffan, sun zubo waje kamar an watsa gyaɗa. Wannan ya bi ta tsakanin ƙafafun Alhaji, wancan ya nufi buhuna, wani ya shige ƙarƙashin babbar rigar dillalin. Manyan mutane suka shiga tsalle suna tattare riguna. Wani ya ɗaga takalmi zai sauke.

Da na yi shiru, wataƙila da an ɗan yi gardamar mai hular (ƙarya nake, kowa ya san ta). Amma ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ba a taɓa jin muryata daga nesa ba, na kwarma ihun da har masu gadi suka ji.

"Kada a taka! Na Hajara ne!"

Na faɗi a kan gwiwoyi. Na bi su da rarrafe, sabuwar riga tana sharar ƙasa. Na cafke ɗaya a gindin sikeli, na cusa a aljihu. Na kamo wani a bayan buhu. Na isa gaban dillalin, na ɗaga kai na ce, "Alhaji, gafara," na ɗage gefen rigarsa na zura hannu. Ya yi ƙara kamar an sa masa kunama. 'Yan dako sun cika ƙofa, wani yana riƙe da ciki, wani ya kwanta a kan buhu yana shure-shure.

Na ƙarshen a gaban wasu tsofaffin takalma ya tsaya. Na damƙe shi. Na bi takalman da kallo har sama. Kawu Sale ne.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dubi abin da ke hannuna.

"Masu farin ƙirji ne," in ji shi a hankali. "Irin na gidanmu."

Da ƙasa tana buɗewa da gindin cokali, da na shige.

Dillalin ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Alhaji, ba ka gaya mana har da ƙyanƙyasa kuke yi ba! Nawa ne tire?" Alhaji ya yi irin dariyar da haƙora kawai ke yi, ya ja su zuwa ofis.

Injiniya bai yi dariya ba. Da wurin ya watse, ya kamo hannun rigata ya durƙusar da ni a bakin akwatin.

"Nuna mini yadda ka sa ta."

Na nuna masa daga nesa.

"Da wuta?"

"Da wuta."

Ya haska wani ƙarfen tagulla tsirara, a saman kusurwar da hular take. Tsakaninsa da inda hannuna ya bi bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ban ma gan shi ba ran nan, ɗumi kawai nake nema.

"Injin rake yatsa ya karɓa ya bar ka," in ji shi. "Wannan ba ya karɓar yatsa. Mutum yake karɓa gaba ɗaya. Kuma ka zuba mini ƙaiƙayi da ulu a gefen wuta, a gidan da ko'ina ƙaiƙayi ne. Da ɗaya daga cikin 'ya'yan nan naka ya yi tsalle ya haɗa ƙarfe biyu, da yanzu ba ni, ba kai, ba baƙi."

Sai a lokacin na gane ba fushi kaɗai ba ne, tsoro ne. Aljihuna kuwa yana ta tsiyo-tsiyo.

Da la'asar Alhaji ya kira ni. Kawu Sale ya tsaya ya ba da haƙuri, abin da ya fi mari ciwo. Injiniya ma ya ce kafin kwaɗo na sa, ba bayansa ba. Alhaji ya girgiza kai.

"Na yi magana a gaban jama'a, kuma yana tsaye ya yi shiru. Ba zan kore ka ba, don ka daɗe. Amma ka sauka daga kujera. Koma dako har kaka. In na ga hankali ya dawo, mu gani."

Washegari buhu ya koma mazauninsa. 'Yan dako suka tare ni da murna, kamar na dawo daga Makka. In na sunkuya a ɗora mini, sai wani ya ce, "A hankali, kada ku fasa masa ƙwai." Iro kuwa har yau Uwar Zabi yake kirana, a kasuwa, a masallaci, ko'ina. Na yi dakon har aka girbe sabuwar shinkafa, sannan aka mayar da ni fanel. Kwaɗon yana nan. Kullum gwiwata tana gaishe shi, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Amma ban gaya muku yadda muka yi da Hajara ba. A daren... a'a, da magariba ce, ranar da abin ya faru. Na shiga gida na juye mata 'yan zabin a cikin ƙwarya. Ta yi guɗa, ta yi rawa, ta kawo musu ruwa a murfin kwano. Sai da ta natsu na ba ta labari tun daga cokali har zuwa takalman Kawu, a taƙaice, kaina a ƙasa.

Ta riƙe haɓa.

"Malam, wai duk don kaza mai kwanci?"

"Don ita."

"Ai ta Lantana maƙwabciyarmu tana kwanci tun kafin muzurun ya zo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Can na yi niyyar kai su in na gama jimami, ka ce kawo dai."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Don haka ga abin da na koya, na kuma biya da wuyana. In ka ga ƙofar ƙarfe a rufe, wanda ya rufe ta ya san abin da ke ciki fiye da kai, ka bar masa kayansa. In kuma wata babbar dabara ta zo maka da sassafe, irin wadda ba wanda ya taɓa yi, kada ka hau keke tukuna. Gaya wa matarka. Wataƙila akwai dalilin da ya sa ba a taɓa yi ba.